GAC, KGA ko GLS2: wane gulutaminas na ɗan Adam ya dace da gwajinka, kuma saye za ka yi ko ƙerawa?

Duk wanda ya buɗe katalog na masu sayar da furotin ya nemi gulutaminas na ɗan Adam zai tarar da kwalabe da dama, suna ɗaya, farashi daban-daban. Wata tana ɗauke da enzayim mai aiki. Wata guntu ne kawai da aka yanko don gwada antibodi, ko ka zuba masa gulutamin har gobe ba abin da zai yi. Wata kuma daga ƙwayar gado daban ta fito. Sunan da ke jikin kwalba ba ya raba gardama. Ƙananan rubutun takardar bayani ke rabawa: wane nau'i ne, daga amino asid na nawa zuwa na nawa aka ɗauko, a cikin wace halitta aka ƙera shi, da fosfet nawa aka auna ƙarfinsa, tunda fosfet ne ke kunna shi.

Aikin enzayim ɗin ɗaya ne. Yana cikin mitokondiriya, yana fasa gulutamin da ruwa ya fitar da gulutamet da amoniya, lambarsa EC 3.5.1.2. A ƙoda amoniyar ce ake buƙata don fitar da asid ta fitsari, a ƙwaƙwalwa gulutamet ɗin ne ke isar da saƙo tsakanin jijiyoyi, a hanta kuma amoniyar na shiga hanyar haɗa yuriya. Tun 1935 Hans Krebs ya lura cewa na ƙoda da na hanta ba hali ɗaya gare su ba: gulutamet yana danne na ƙoda, na hanta kuwa bai damu da shi ba. Wannan tsohon bambancin shi ne har yanzu tushen zaɓin.

Ƙwayoyin gado biyu, furotin huɗu

GLS, ƙwayar gadon gulutaminas irin na ƙoda, tana kan kuromosom na 2, kuma furotin biyu masu aiki ke fitowa daga gare ta. KGA yana da amino asid 669, GAC yana da 598. Daga na 1 zuwa na 550 ba su da bambanci ko kaɗan, kuma wurin da ake fasa gulutamin yana cikin wannan yankin na tarayya. A wutsiya suka rabu: ta KGA doguwa ce, tana da maimaicin ankirin guda uku, ta GAC gajera ce, amino asid 48 kacal. A UniProt, rumbun bayanan furotin, duka biyun suna ƙarƙashin O94925, don haka ganin wannan lambar a takardar kamfani bai gaya maka wanne aka sayar maka ba. KGA shi ne nau'i na 1, GAC na 3. Na 2 wani guntu ne da ake kira GAM wanda ba ya fasa komai.

GLS2, ƙwayar gadon irin na hanta, tana kan kuromosom na 12, lambarta Q9UI32, tana ba da GAB mai amino asid 602 da LGA mai 565.

Mai aiki kan ciwon daji, musamman mai neman sinadarin da zai hana enzayim ɗin aiki, GAC ya kamata ya ɗauka. Shi ne ya fi yawa a nau'o'in ciwon daji da dama masu dogaro da gulutamin, kuma furotin c-Myc yana ƙara yawan abin da GLS ke fitarwa ta hanyar danne miR-23a da miR-23b, ƙananan RNA da ke taka wa GLS birki, kamar yadda aka nuna a 2009. Masu bincike a Campinas ta Brazil sun jera GAC da KGA da na hanta a 2012, suka gano GAC ne ya fi zabura idan fosfet ya ƙaru: Km ɗinsa, wato yawan gulutamin da yake buƙata don kai rabin gudunsa, yana saukowa sosai, ƙarfinsa ya wuce na sauran. Wani dalili na aiki kuma, akasarin lambobin da aka wallafa na BPTES da CB-839, sanannun sinadarai biyu masu hana enzayim ɗin aiki, da GAC aka same su, don haka kana da abin da za ka gwada sakamakonka da shi.

KGA na wanda tambayarsa ke kan ƙoda ko ƙwaƙwalwa ne, ko kan wutsiyar ankirin da furotin ɗin da ke maƙale mata. Idan neman mai hanawa kawai ake yi, sayen KGA bayan GAC ba ya ƙara ilimi mai yawa, domin aljihun da BPTES ke shiga iri ɗaya ne a jikinsu.

GLS2 ne mutane suka fi tsallakewa, kuma kuskure ne. BPTES da CB-839 ba sa taɓa shi a ma'aunin da suke kashe GAC, shi ya sa ya zama mizanin sanin ko sabon sinadari yana zaɓe ko kan mai uwa da wabi yake yi. Halinsa ma daban ne: yana buƙatar gulutamin mai yawa kafin ya kai rabin gudunsa, gulutamet ba ya danne shi kamar yadda yake yi wa GLS, kuma furotin p53, mai daƙile ciwon daji, ke kunna ƙwayar gadonsa. Wanda ya gwada shi da gulutamin kaɗan irin wanda ya ishi GAC zai ɗauka kwalbar ta mutu, alhali yunwa ce ke damunsa.

Inda aka yanka

Nan ne aka fi yin asarar kuɗi. Cikakken GAC yana farawa da jerin amino asid da ke kai shi mitokondiriya, kuma ana yanke wannan jerin da zarar ya isa. Bakteriya ba ta da mitokondiriya, ba ta yankewa, kuma barin sa yana sa furotin ya dunƙule ya ƙi narkewa. Saboda haka nau'in da aka saba ƙerawa yana farawa daga wajen amino asid na 72 zuwa na 598, nauyinsa kusan 58 kDa kafin a haɗa da tambarin His, wato jerin histidin da ake liƙa masa don kamo shi wajen tacewa. Wannan shi ne mafi kusa da abin da ke cikin sel, kuma shi ne zaɓin da ya dace da auna gudu da gwajin masu hanawa.

Akwai kuma guntun da ke ɗauke da yankin aiki kaɗai, daga 221 zuwa 533. Yana da sauƙin yin kiristal, an sami hotunan tsari da yawa da shi. Amma a lura: gaba ɗayansa yana cikin yankin tarayya na 1 zuwa 550, don haka ko an rubuta masa KGA ko GAC, suna ne kawai, ba shi da abin da ke bambanta su. An kuma cire masa sassan da ke kewaye da yankin aikin, bai kamata a ɗauki lambobinsa a matsayin na enzayim na sel ba. Abin da ya fi wannan gajarta, irin guntaye masu amino asid ɗari ko ɗari biyu da ake haɗawa da furotin GST a matsayin tambari, na antibodi ne zalla.

Wajen lissafi a yi hattara da na ɓera. GAC na ɓera yana da amino asid 603, lambobinsa sun gota da biyar. K325A na ɓera, wato nau'in da aka musanya masa laisin na 325 da alanin, wanda ke aiki ko babu fosfet, shi ne K320A na mutum. Serin da ke kai hari ga gulutamin shi ne na 286 a ɗan Adam.

Tambarin da aka liƙa ma ba ƙaramin abu ba ne. Gulutaminas yana zama bibbiyu ba ya aiki sosai, sai fosfet ya zo ya haɗa su huɗu-huɗu, har su jeru su zama dogon zare. GST, mai nauyin 26 kDa, shi ma yana haɗuwa bibbiyu da kansa, don haka yana iya rikita wannan lissafin. His guda shida a farkon furotin ya fi sauƙin sha'ani, kuma ana iya cire shi da enzayim mai yanka furotin, turombin ko TEV.

E. coli, sel na ƙwari, ko sel na mutum

Mutane da yawa suna ganin furotin na ɗan Adam sai an ƙera shi a sel na mutum zai yi kyau. Ga furotin da ake fitarwa wajen sel, masu buƙatar a liƙa musu sukari, gaskiya ne. Gulutaminas ba ya cikinsu. A tsakiyar mitokondiriya yake zaune, ba ya bin hanyar da ake liƙa irin wannan sukarin. E. coli ta wadatar, kuma da ita aka yi akasarin aikin tsari da na gudu.

Hanyar da aka saba bi ita ce filasmid irin pET28a a cikin E. coli nau'in BL21(DE3) ko Rosetta. A raini bakteriya a digiri 37 har kaurin ruwan ya kai 0.6 zuwa 0.8 a 600 nm, a sauke zafin zuwa digiri 18, a zuba IPTG, sinadarin da ke sa bakteriya ta fara ƙera furotin ɗin, kaɗan, tsakanin 0.1 da 0.3 mM, a bar shi ya kwana, kamar awa 16. Wanda ya yi gaggawa ya bar shi a digiri 37 zai ga layi mai kauri a jel, amma a cikin abin da ya kwanta a gindin bututu, ba a ruwan sama ba. A fasa sel a Tris 50 mM, pH 8.5, da gishiri 500 mM da giliserol kashi 10 cikin ɗari, a bi ta kolom na nikel ko kobal, sannan na musayar caji, sannan Superdex 200 mai rabawa bisa girma. Kada a yi amfani da bafa mai fosfet a wannan aikin, duk da cewa ita littattafan kolom na nikel suka fi ba da shawara. Tana kunna enzayim tun kafin ka shirya, ta sa ya jeru zare, ya fito a farkon kolom na ƙarshe kamar wanda ya lalace.

Matsalar E. coli ita ce baƙin furotin nata da ke biyo GAC wajen tacewa. GroEL yana da nauyin kusan 57 kDa, yana tsayawa daf da GAC a jel, ido ba ya raba su. Wanda ya fi shi haɗari shi ne GlmS, mai 67 kDa: yana kama nikel da kansa, kuma a jikinsa akwai sashen da ke fasa gulutamin. Ga kuma YbaS da YneH, gulutaminas biyu na bakteriyar kanta. Maganin abu biyu ne. Na farko, a ƙera S286A, wato GAC da aka musanya masa serin na 286 da alanin don kada ya yi aiki, a gefe, ta hanya ɗaya, rana ɗaya. Duk gulutamet ɗin da ya fito daga wannan mataccen nau'in na baƙi ne. Na biyu, a zuba CB-839 mai yawa, kamar 1 µM: aikin da ya rage ba na GAC ba ne. Akwai nau'in bakteriya mai suna NiCo21(DE3) da aka gyara GlmS ɗinta don kada ya kama nikel, yana rage wahala.

Sel na ƙwari, wato Sf9 da bakulobairas, suna da mitokondiriya, suna iya karɓar cikakken furotin su yanke kansa. Masu bincike a Malaga ta Sifen sun samo GAB ta wannan hanyar a 2007. Tana cin makonni da kuɗi. Sel na mutum irin HEK293 suna da amfani ne kawai idan tambayar tana kan gyare-gyaren da sel ke yi wa enzayim bayan ƙera shi, kamar liƙa masa fosfet ko suksinil. A nan tambarin a ƙarshen furotin ake sa shi. Idan aka sa a farko zai tafi tare da jerin da ake yankewa. Kuma HEK293 suna da nasu GLS, wanda zai iya shiga haɗin huɗu tare da naka.

Wata kwalba mai arha da ke ruɗin sababbin shiga ita ce gulutaminas na E. coli ɗin kansa, wanda ake auna ƙarfinsa a pH 4.9. Yana da kyau wajen auna yawan gulutamin a ruwan rainon sel. Ba ya wakiltar na mutum ta kowace fuska.

Saye ko ƙerawa

Lissafi ne ke yanke wannan. Mikrogiram 10 na furotin mai 58 kDa ya kama kusan pikomol 170. Idan kowane rami na faranti yana ɗaukar 200 µL da enzayim 5 nM, pikomol ɗaya ke tafiya, kwalbar za ta yi ramuka 170, ba ta cika faranti biyu masu ramuka 96 ba. Idan gwajin naka na buƙatar 50 nM, ramuka 17 ne kawai. Miligiram ɗaya kuwa, wanda ƙerawa a bakteriya ke iya bayarwa, ramuka 17,000 ne a 5 nM. Mai son tabbatar da sinadari biyu ko uku ya saya. Mai tace ɗaruruwan sinadarai ko ruwan tsirrai, ko mai neman kiristal, ya ƙera, in dai yana da injin juyawa mai sanyi, da abin fasa sel, da kolom.

In za a saya, a nemi takardar wannan rukunin da za a aiko, ba ta katalog ba. Ta nuna ƙarfi a yunit bisa miligiram, yunit ɗaya kuwa mikromol ɗaya ne na gulutamet a minti ɗaya, tare da pH da zafi da yawan fosfet. Takardar da ta ce tsabtarsa ta wuce kashi 90 ko 95 cikin ɗari ta yi shiru kan ƙarfi, jel kawai aka gani, ba aiki ba.

Ga ɗakin gwaji a Zariya ko Kano ko Yamai akwai ƙarin abin dubawa. Enzayim mai ruwa a busasshiyar ƙanƙara yake tafiya, ita kuwa tana ƙarewa cikin 'yan kwanaki. Kwali ya yi jinkiri a hanya, abin da zai iso ruwa ne mai ɗumi. Filasmid ba ruwansa da wannan, yana jure tafiya ko a busasshiyar takarda. Wannan kaɗai kan karkata ma'auni zuwa ƙerawa. Ko an saya ko an ƙera, a raba shi ƙanana-ƙanana, kowanne na yini ɗaya, a daskarar da sauri, a ajiye a digiri 80 ƙasa da sifili. Firizar da wuta ke ɗaukewa tana dawowa tana narkar da shi tana daskarar da shi ba tare da kowa ya gani ba, don haka a auna ƙarfin kwalba ɗaya a farkon kowane zagayen aiki.

Hanyar aunawa tana canza amsa

Wadda aka fi amfani da ita ita ce haɗawa da enzayim GDH (gulutamet dihaidirojinas) na hantar saniya, wanda ke karɓar gulutamet ya mai da NAD+ zuwa NADH, a karanta a 340 nm. Da lambar shan haske 6,220, hawan 0.062 a minti ɗaya a kwalbar santimita ɗaya yana nufin 10 µM a minti. Idan mililita ɗaya ce mai mikrogiram ɗaya na enzayim, yunit 10 ke nan bisa miligiram. A faranti zurfin ruwa bai kai santimita ba, gara a zana layin ma'auni da gulutamet sananne. Bafar da aka saba ita ce Tris-asitet 50 mM, pH 8.6, EDTA 0.2 mM, K2HPO4 100 zuwa 150 mM, gulutamin 10 zuwa 20 mM, NAD+ 2 mM. A ƙara BSA 0.1 mg/mL da Triton X-100 kashi 0.01 cikin ɗari, domin a 'yan nanomola enzayim yana maƙalewa a jikin roba. A daidaita pH bayan an zuba fosfet, kuma a zafin da za a yi aiki: Tris yana sauka da kusan 0.03 ga kowane digiri ɗaya, bafar da aka haɗa a digiri 25 ta rasa 0.3 a ɗakin da ya kai 35.

GDH a ɗabi'arsa ya fi son komawa baya, wato haɗa gulutamet, kuma kowane gulutamin ɗaya yana barin amoniya biyu a wannan tsarin, layin yana lanƙwasawa da wuri. Farkon layin kaɗai ake ɗauka. Kada a sayi GDH da aka ajiye a amoniyam salfet: amoniyar tana tura shi baya, salfet ɗin kuma yana kunna gulutaminas kamar fosfet. Na cikin giliserol ake nema. Don sanin ko GDH ya isa, a ninka shi; idan gudu ya ƙaru, GDH kake aunawa tun farko. Tsohuwar hanya mai mataki biyu ta kauce wa yawancin wannan: a bar gulutaminas ya yi minti 10, a kashe shi da HCl, sannan a ɗebi kaɗan a kai wa GDH a pH 9.4 tare da haidirazin da ke kama abin da ya fito. Tana da jinkiri, amma sinadarin da ake gwadawa ya tsinke sosai kafin ya haɗu da GDH.

Hanyar gulutamet oksidas da Amplex Red ta fi gani da enzayim kaɗan, sai dai ba ta shiri da DTT, sinadarin da ake sa wa bafa don kare furotin, launin kuma ba ya zama lafiya sama da pH 8.5, dole a sauko da bafa. Ruwan tsirrai masu launi ko masu kama iskar oksijin mai ƙuna suna kashe ƙyallin, su fito kamar masu hanawa alhali ba su taɓa enzayim ba. Auna amoniya kai tsaye ya fi arha, amma gulutamin da ya kwana a ruwa yana rushewa da kansa zuwa fairogulutamet da amoniya, fosfet da zafi suna hanzarta hakan. A narka sabo a ranar, a bar rami ɗaya babu enzayim. Kowace hanya aka bi, duk sinadarin da ya nuna alama a sake gwada shi da gulutamet a madadin gulutamin, babu gulutaminas. Idan har yanzu yana hanawa, enzayim na biyu ya kama.

Masu hanawa na shaida ba su da hali ɗaya, kuma tsarin zubawa yana canza lambar da za ta fito. BPTES yana shiga tsakanin haɗin huɗu, guda biyu ga kowane haɗi, ba ya narkewa sosai a ruwa, kuma fosfet mai yawa yana rage ƙarfin da ake gani. CB-839, wato telaglenastat, a aljihu ɗaya yake zama amma a hankali yake kamawa, a hankali yake saki, IC50 ɗinsa, wato yawan da ke rage aikin enzayim da rabi, yana ci gaba da sauka gwargwadon zaman da ya yi da enzayim kafin a zuba gulutamin. Awa ɗaya aka saba ba shi, ya sauko zuwa gomomin nanomola. A wannan matakin yawan enzayim ɗin kansa ya zama shinge: 50 nM na furotin yana da aljihu 25 nM, lambar ba za ta sauka ƙasa da kusan rabin haka ba komai ƙarfin sinadarin, shi ya sa ake gwada irinsu da 2 zuwa 5 nM. Sinadari 968 sai an zuba shi kafin fosfet, enzayim da ya riga ya kunnu ba ya jin sa sosai. DON kuwa yana ɗaure serin na 286 ɗauri na dindindin, amma yana kashe GLS2 da GlmS na bakteriya ma, don haka ba zai gaya maka aikin da ke cikin kwalbarka na wane ne ba.